MOTSA JIKI DA LAFIYAR MANYA: DA WANE MUDU ZA MU AUNA SHIRIN YOGA?

Jawabin Kwamitin Lafiya a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, Allah ya ja zamaninku, malamanmu, Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu da suka taso daga Sakkwato da Birnin Kebbi da Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, da maƙwabtanmu na Saida da Dogon Daji da Jabo da Tambuwal da Kebbe waɗanda suka zo taya mu zama, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an sauka lafiya.

Uwar ƙungiya ta ɗora wa kwamitinmu nauyin duba wata shawara da wasu matasanmu mazauna birni suka kawo a rubuce, cewa a ware wani kaso daga asusun ƙungiya a ɗauko mai koyarwa, ya horar da manyanmu maza da mata irin motsa jikin nan na mutanen Indiya da ake kira yoga, domin rage hawan jini da ciwon suga da ciwon baya waɗanda suka addabi 'ya'yan ƙungiya. Tun daga ranar da maganar ta fito kan jama'a ya rabu. Wasu na ganin ci gaba ne da ya kamata mu riga sauran garuruwa kaiwa gare shi. Wasu na ganin baƙon abu ne mai ƙanshin bautar wanin Allah. Wasu kuma suka ce gara a ƙara kuɗin a kan tallafin karatun yara ko gyaran rijiyar burtsatse. An ce mu bincika mu kawo abin da muka gani, to ga shi mun kawo, kuma muna roƙon a yi haƙuri da mu idan mun ɗan tsawaita, domin kuɗin da ake magana a kansu gumin jama'a ne, lafiyar da ake magana a kanta kuma ta iyayenmu ce da tamu.

Da farko dai ya wajaba mu yaba wa waɗannan matasa, domin sun sa yatsa a kan ainihin gyambon. Babu wanda ke zaune a nan da bai san wani gida ba inda aka wayi gari maigida ya yanke jiki ya faɗi, a kan buzun salla ko a bakin shago, aka kwashe shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, aka dawo da shi ɓarin jiki a shanye, harshe a karye. Sau da yawa sai ka ji ana cewa iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa, alhali kuwa jininsa ne ya daɗe yana hawa shekara da shekaru ba wanda ya taɓa aunawa. Binciken da masana suka tattara daga sassan Nijeriya ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku yana da hawan jini, kuma da yawa daga cikinsu ba su san suna da shi ba, domin ciwo ne da ba ya sallama. Mai riƙe da asusun ƙungiya shaida ne a kan irin takardun neman taimako da ke zuwa masa yanzu: kuɗin wankin ƙoda, kuɗin gashi, kuɗin allurar suga.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tashi a Sanyinna. Iyayenmu sun yi noma da galma da hauya, sun ja ruwa da jigo a fadama, sun taka da ƙafa zuwa kasuwannin ƙauye suka dawo a rana guda. Iyayenmu mata sun yi sussuka da surfe da daka da niƙa, sun ja guga a rijiya mai zurfi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan motsa jiki. Rayuwa ce kawai. Mu kuwa da muka shiga birni, daga gado sai mota, daga mota sai kujerar ofis ko bencin shago, masallacin da bai fi taku ɗari biyu ba ma sai an hau kabu-kabu. Abincin kuma ya sauya: furar gero ta ba lemon kwalba wuri, shayi sai an ji suga ya kama, miya sai an zuba mata magi a kan gishiri a kan kanwa. Tumbi ya zama alamar hutu, har ana yi wa mai shi kirari.

Tun shekarar 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya nuna wa duniya abin da zama ke yi wa zuciya. Ya duba ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan, inda direba ke wuni a zaune, kwandasta kuwa ke wuni yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Aikinsu wuri ɗaya, zamansu gari ɗaya, amma direbobin sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma nasu ya fi saurin kisa. Direbobinmu da ke cikin wannan taro, masu jigila tsakanin Sakkwato da Jega da Kwantagora, su tuna da wannan duk lokacin da suka aiki yaron mota sayen goro alhali suna iya sauka su taka da kansu. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kowane baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar sauri wadda za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Wanda ya kai shekara 65 kuma an ƙara masa da atisayen daidaita tsayuwa domin kauce wa faɗuwa. Hukumar ta ce a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan mudu ba.

Saboda haka babu gardama a kan cewa muna bukatar motsa jiki. Abin tambaya shi ne ko yoga ce hanyar da ta fi dacewa da kuɗinmu, kuma idan an yi shirin, ta yaya za mu san ya yi amfani.

Yoga tsohuwar aba ce a ƙasar Indiya. Kalmar daga harshen Sanskirit take, kuma tushenta ɗaya da karkiyar da ake ɗaura wa shanun huɗa, wato haɗa abu biyu su tafi tare. Asalinta tarbiyyar ruhi ce a addinan mutanen can, kuma an rubuta ƙa'idodinta fiye da shekara 1,500 da suka wuce. Amma wadda ake koyarwa yau a ɗakunan motsa jiki, mai miƙe-miƙe da lanƙwashe-lanƙwashe a kan shimfiɗa, yawancinta a ƙarni na 20 ta samu wannan siffa, musamman ta hannun wani malami mai suna Krishnamacharya wanda ya koyar a fadar Mysore a shekarun 1930, da almajiransa irin su Iyengar waɗanda suka kai ta Turai da Amurka. Gwamnatin Indiya ta mai da ita abin tallata ƙasarta. A ranar 11 ga Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, aka fara bikin a 2015. Mun kawo wannan tarihi ne don a gane cewa yawan jin sunan abu a rediyo da waya yana da nasaba da ƙarfin masu tallata shi. Amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya girmamawa ce, ba sakamakon gwajin asibiti ba ce.

To me gwajin asibiti ya nuna? A nan ne muka fi ɓata lokaci, kuma abin da muka samu ya kasu: wani wuri hujja mai ƙarfi, wani wuri mai rauni.

Inda hujjar ta fi ƙarfi shi ne ciwon baya mai daɗewa. A shekarar 2017 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Boston na Amurka a kan mutum 320, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda aka raba ta hanyar ƙuri'a: wasu suka yi ajin yoga sau ɗaya a mako har mako 12, wasu suka je wurin likitan gashi, wasu aka ba su littafi kawai su karanta. Masu yoga sun samu sauƙi daidai da masu zuwa gashi. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa ga mai irin wannan ciwo kafin a kai ga ƙwayoyi. Amma a lura da kyau: sauƙin da ake samu matsakaici ne, kuma masu tattara bincike sun ga cewa idan aka gwada yoga da sauran atisayen baya, bambancin kaɗan ne ko ma babu. Wato miƙewar da motsin su ne maganin, ko da wane suna aka kira su.

A kan ciwon zuciya kuwa, su kansu likitocin Indiya sun yi babban gwaji a asibitoci 24, a kan mutum 3,959 da suka taɓa samun bugun zuciya, aka buga sakamakon a 2020. Waɗanda suka yi yoga sun fi jin daɗin jikinsu, sun fi saurin komawa harkokinsu na da. Sai dai gwajin bai iya tabbatar da cewa ta rage mutuwa ko sake kamuwa da ciwon ba. Muna girmama waɗannan likitoci da suka faɗi gaskiya a kan abin da ƙasarsu ke alfahari da shi. A kan hawan jini, akwai ƙananan gwaje-gwaje da dama da ke nuna yana ɗan sauka, musamman idan an haɗa da atisayen numfashi, amma yawancinsu mutanen ciki kaɗan ne, lokacin kuma gajere. Daɗin daɗawa, yawancin yogar da ake koya wa manya motsi ne mai sauƙi wanda ba ya sa zuciya gudu, don haka ba ta cike gurbin mintin nan 150.

Idan ciwon suga ne abin tsoronmu, hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana wurin tafiya da rage ƙiba. A 2002 aka buga wani gwaji na Amurka a kan mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin tasu ta ragu da kashi 31. Ƙafa ta fi ƙwaya, kuma ƙafa ba ta bukatar a ɗauko mata malami daga Abuja.

Yanzu bari mu taɓo maganar addini, domin mun san ita ce ke ran mutane da yawa. Ba mu ne farkon Musulmin da suka fuskanci wannan tambaya ba. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu. A farkon 2009 majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda ke ɗauke da addu'o'i da ambaton wancan addini, ta bar wadda take motsa jiki zalla. Saudiyya kuma a 2017 ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Mu 'yan kwamitin lafiya ba masu ba da fatawa ba ne, kuma ba za mu shiga gonar malamanmu ba. Abin da za mu iya faɗa a fagenmu shi ne, amfanin da ake nema ga baya da gaɓoɓi a miƙewa da ƙarfafa tsoka da numfashi yake, kuma likitocin gashi na asibitocinmu suna koyar da irinsu kullum ba tare da ambaton komai ba. Don haka duk wani shiri da zai ci kuɗin ƙungiya, sai an zana kowane motsi a takarda an kai wa malamai sun duba. A cire rera kalmomin da ba mu san ma'anarsu ba, a cire jerin motsin nan da suke kira gaisuwar rana. Idan sunan kansa shi ne zai hana dattijo zuwa, a kira shi miƙe-miƙe a huta. Ƙasar nan tamu ba baƙuwar ilmin kiwon lafiya ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur, ya ɗebo daga littattafan likitocin da suka gabace shi abin da ya ga zai amfani jama'arsa. Ɗaukar abu mai amfani a bar ƙaiƙayinsa gadonmu ne. Wasu kuma sun ce mana ai salla ta isa motsa jiki. Salla ibada ce, darajarta ta wuce a auna ta da mudun zufa, kuma masu faɗuwar nan da muke kaiwa asibiti masallata ne.

Akwai wani wuri da muke ganin wannan shiri ya fi tafiya dacewa, wanda masu shawarar ma ba su ambata ba, wato wurin iyayenmu mata da matanmu na birni. Mace a gidan haya mai ɗaki biyu a Kaduna ko Ikko ba ta da tsakar gida, ba ta daka, injin niƙa yana bakin layi, ruwa na zuwa a famfo ko a kurar mai ruwa, kuma ba kowane maigida ne zai yarda ta fita zagayen unguwa da asuba ba. Ga irin wannan baiwar Allah, atisayen da ba ya bukatar komai sai tabarma da rufaffen ɗaki babbar dama ce. Haka ma dattijon da gwiwa ta hana shi tafiya mai nisa, wanda babban haɗarinsa shi ne santsin bayi da karayar ƙugu. Idan za a yi shirin, su ne ya kamata a sa a gaba, kuma mace ce za ta koyar da mata.

Mun zo ga zuciyar maganar, wato awo. Sanin kowa ne yadda muke auna ayyuka a ƙasar nan: a kafa rumfa, a buga riguna masu tambari, a gayyato babban baƙo ya yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a rubuta a mujalla cewa mutum kaza sun amfana. Wannan ƙidayar mahalarta biki ce. Idan da haka za mu auna, to kowane shiri ya ci nasara tun ranar farko.

Kowa a nan ɗan manomi ne, kuma ya ga yadda malamin gona ke gwada sabon iri ko taki. Yakan raba gona guda biyu, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, ya sa a wannan ɓangare ya bar wancan, sa'annan a jira kaka a ƙidaya dammuna. Ba ya gwada fadamar wani da tudun wani. Haka za mu yi. Idan muka buɗe aji muka ce mai so ya zo, waɗanda za su zo su ne masu kula da lafiyarsu tun asali, masu shan magani a kan kari, masu sauƙin jiki. Bayan wata shida sai mu ga sun fi sauran lafiya mu ce aikin yoga ne, alhali da ma can fadama ce. Maganin wannan shi ne a rubuta sunan duk masu so, a yi ƙuri'a a gaban jama'a, rabi su fara ajin miƙe-miƙe, rabi su fara ƙungiyar tafiya bayan sallar asuba ko bayan la'asar, a auna kowa a farko, a auna a tsakiya, a auna a ƙarshe. Ba wanda aka bari hannu rabbana, kuma a ƙarshe za mu san wanne ya fi ga wane ciwo.

Akwai wasu tarkuna da ya kamata a sani. Jinin mutum ya fi hawa lokacin sanyi. Idan muka fara awo a tsakiyar hunturu muka rufe a bazara, za mu ga jinin kowa ya ɗan sauka ko da bai ɗaga ƙafa ba, kuma ba abin da zai tona wannan sai rukuni na biyu da ake gwadawa da shi. Haka nan mutum yakan zo neman taimako ne a ranar da ciwon bayansa ya fi tsanani, kuma ciwon baya yana da hawa da sauka, saboda haka ko ruwan randa ka ba shi bayan mako uku zai ce ya ji dama. Sa'annan ga kunya irin tamu: idan mai koyarwa ya tambayi dattijuwa ko ta ji sauƙi, ba za ta taɓa ce masa a'a ba, ko don kada ta kunyata ɗan mutane. Don haka wanda ke koyarwa ba shi zai yi awo ba, kuma ba shi zai riƙe littafin ba.

Shi kansa awon jinin yana da ladubbansa, waɗanda sau da yawa ake tsallakewa a wuraren duba lafiya kyauta. Mutum zai zauna minti biyar ya huta, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirji, ba ya magana. Kada ya ci goro ko ya sha kofi ko taba rabin awa kafin awo. Mun san wannan sharaɗi na goro zai yi wa wasu dattawanmu nauyi. A yi amfani da na'urar da ake ɗaurawa a dantse, mai ɗamara daidai kaurin hannun mutum, a auna sau biyu a rubuta. Awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an ga 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban. Bayan jini, a auna nauyi, a auna ƙugu da tef irin na tela, a auna suga kafin karin kumallo, a tambayi mai ciwon baya kwana nawa ciwon ya hana shi fita aiki a watan da ya wuce, a ƙidaya sau nawa dattijo zai iya tashi daga kujera ya zauna cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafa komai ba. Duk waɗannan ma'aikaciyar jinya ɗaya da littafin rajista ɗaya sun isa, kuma muna da ma'aikatan jinya 'yan asalin garin nan a kusan kowane reshe. Sunayen mutane da sakamakonsu amana ce. Adadi kawai za a karanta a taro.

Amma a ganinmu ma'aunin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne mafi sauƙin ƙidaya: mutum nawa ne suka rage a mako na ashirin da huɗu daga cikin waɗanda suka fara? Shirin da ya fi kowanne kyau a takarda, idan azumi ya zo ya watse, ko zafin watan Afrilu ya kore shi, ko ya mutu ranar da kuɗin mai koyarwa suka ƙare, bai amfane mu da komai ba. Wanda ya daina zuwa ma a bi shi a auna shi, a tambaye shi dalili, domin idan masu naci kawai aka ƙidaya sakamakon zai yi kyawun da ba nasa ba. A ƙarshe a raba abin da aka kashe da yawan waɗanda suka kai ƙarshe, a ga nawa kowane mutum ɗaya ya ci, a ajiye wannan adadi kusa da kuɗin maganin hawan jini na wata shida. Taro ne zai duba ya ce wanne ya fi.

Game da mai koyarwa, an nuna mana irin takardar shaidar da mafi yawansu ke riƙe da ita, ta horon awa 200. Wannan tsari ne da wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, Yoga Alliance, ta yaɗa, kuma ana iya kammala shi cikin wata guda. Ba lasisin kiwon lafiya ba ne. Mai irin wannan takarda yana iya ƙwarewa wajen koya wa matasa masu jini a jika, amma mu dattawa za mu damƙa masa, masu hawan jini da ciwon gwiwa da suga. Akwai motsin da ake kifa kai ƙasa ƙafa sama, wanda ke ƙara matsi a cikin ido, haɗari ne ga mai hawan jinin ido, kuma bai dace da mai hawan jinin da bai daidaita ba. Akwai lanƙwasa mai tsanani da ke iya cutar da tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni. Akwai ma wadda ake yi a ɗakin da aka dumama da gangan. Wannan kam mutumin Sakkwato ba ya bukatar ya biya kuɗi a dumama masa ɗaki. Sharaɗinmu shi ne likitan gashi ya duba jerin motsin ya sa hannu, a tantance kowa kafin ya shiga, kuma a rubuta duk wanda ya ji rauni komai ƙanƙantarsa. Mai koyarwar da ya ce wa wani ya ajiye maganin likita domin yoga ta isa, a ranar za a sallame shi. Wannan ita ce hanya mafi sauri da shirin lafiya zai zama sanadin makoki.

Saura gida. Manomin Sanyinna da ya wuni a duƙe yana dashen albasa ko shinkafa ba motsa jiki ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai auna jininsa, da maganin da ba zai yanke ba idan an same shi da ciwon. A shekarar 2020 an fara wani shiri a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun inda aka horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su auna jini, su ba da magani bisa tsari mai sauƙi, su riƙe rajista, kuma abin da ake tambayarsu shi ne kashi nawa na waɗanda aka rubuta ne jininsu ya daidaita. Irin wannan tambaya muke so ƙungiyarmu ta koyi yi. Ba daidai ba ne mu kashe kuɗin da aka tara da sunan gari a kan shimfiɗun 'yan birni, alhali gyatumarmu a gida ba ta taɓa ganin na'urar awo a hannunta ba.

Bisa wannan, kwamiti ba ya goyon bayan a amince da shawarar yadda aka kawo ta, wato a ɗauki mai koyarwa na shekara guda ga dukan rassa. Wannan cinikin biri a sama ne. Ba ya kuma goyon bayan a yi watsi da ita. Muna roƙon taro ya amince a yi gwaji na wata shida a reshe ɗaya, kuma muna ganin reshen Sakkwato ya fi dacewa saboda kusancinsa da gida da kuma likitocin gashi, da mutum arba'in da suka haura shekara arba'in, rabi mata, a raba su ta ƙuri'a kamar yadda muka bayyana, bayan malamai da likita sun duba jerin motsin. Kaso mafi girma na kuɗin kuma a sayi na'urorin awon jini da na suga da littattafan rajista, a ba kowane reshe, a kai sauran gida a damƙa wa ma'aikatan asibitin garinmu tare da masu unguwanni. Matasan da suka kawo shawarar muna so su shigo cikin kwamitin da zai riƙe ƙidayar, su ne kuma za su tsaya a nan baɗi, in Allah ya kai mu, su karanta wa taro adadin, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Kafin a tashi, 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya sun kafa tebur biyu a bakin ƙofa, na maza a dama, na mata a hagu. Muna roƙon kowa ya tsaya a auna shi, kuma muna roƙon iyayenmu sarakuna su yi mana alfarmar farawa. Wanda ke da goro a baki ya dakata rabin awa. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 kada ya kama hanyar komawa birni sai ya ga likita.